Wane lens zan saya wa kyamarata marar madubi? Bi a hankali kafin ka zuba kuɗi

Tun da aka fara ganina da kyamara rataye a wuya a nan garinmu, gefen Ringim, tambaya ɗaya ce take ta zuwa min, daga samari har 'yan mata waɗanda suka sayi ta hannu ko wani yayansu ya aiko musu daga birni, wai Malam wane lens ne ya fi kyau? Ni kuma sai in ce to me kake ɗauka, kuma a ina kake tsayawa in za ka ɗauka? Ba ja musu rai nake ba wallahi, duk maganar a nan take. Lens ɗin da zai fito maka da amarya tas a tsakar gida shi ne zai ba ka kunya a zaure, wanda kuma zai janyo maka doki daga nesa ranar hawa ba abin da zai tsinana maka da zarar magariba ta kawo jiki. Ni hoto ba sana'ata ba ce, sha'awa ce, amma na yi asarar kuɗi a kai a lokacin da kuɗin suke min wuya, kuma ba na so wani ya sake faɗawa ramin da na faɗa, shi ya sa na ce bari in zauna in jero abin daki-daki, a kan kyamara marar madubi, wato irin ta yanzu da ake canza mata lens, wadda aka cire mata madubin da ke cikin tsofaffin.

Matakin farko, tun ba a zo maganar kyau ko tsada ba, ka san bakin kyamararka. Cire lens ɗin da ke jiki ka kalli zoben ƙarfen nan da ake murɗa shi a ciki, shi ne bakin, masu shago mawunt suke ce masa. Kowane kamfani da nasa. Na Sony shi ne E, na Canon na yanzu RF, na Nikon Z, na Fujifilm X, Panasonic da Olympus kuma sun yi tarayya a wanda ake kira Micro Four Thirds. Kuma sunan kamfani kaɗai bai isa ba, a nan mutane suke ruftawa. Canon M50 da ta fito a 2018, wadda take yawo sosai a hannun masu saye na hannu, bakinta EF-M ne ba RF ba, lens ɗinta ba ya hawa kan R50 ko R10, babu ma adafta, wato zoben da ake sawa tsakanin lens da kyamara, da za ta haɗa su, kuma Canon ta daina fitar da sababbin kaya a wannan layin, to in ita ce a hannunka ka sani duk abin da ka tara na EF-M a nan zai tsaya ranar da ka canza kyamara. Sony ma tana da tsohon baki mai suna A, ka duba lambar da ke jikin kwali ko gindin lens ɗin, in SEL ta fara naka ne, in SAL ce ba naka ba ne. Su kuma irin su Sigma da Tamron da Viltrox lens ɗaya suke ƙerawa da baki kala-kala, suna ɗaya kama ɗaya, gindin ne kawai ya bambanta, don haka kar wanda ya tura kuɗi saboda hoton da aka turo masa a WhatsApp sai ya ga rubutun gindin da idonsa.

Mataki na biyu shi ne girman sensa, wato ɗan allon nan mai sheƙi da kake hangowa a ciki in ka cire lens. Nan zan ɗan daɗe don shi ne ya ci min kuɗi. Akwai babbar sensa da ake cewa ful firem, faɗinta 36mm tsayinta 24mm, irin ta Sony a7 III ko Canon RP ko Nikon Z5. Akwai matsakaiciya, APS-C, wadda ita ce a hannun yawancinmu, su Sony a6000 da a6400 da Canon M50 da R50 da Nikon Z50 da kusan duk Fujifilm da za ka gani. Sai ƙarama ta Panasonic da Olympus. Ƙaramar sensa tsakiyar abin da lens ya gano kawai take kamawa ta bar gefe-gefen, kamar kana leƙen waje ta ƙaramar taga, sai abu ya zo maka kusa, fili kuma ya matse. Lissafin ba wuya, in Sony ce ko Nikon ko Fujifilm mai APS-C ka ninka lambar lens, wato milimitar (mm) da ke jikinsa wadda in ta ƙaru abu yake ƙara matsowa, da 1.5, in Canon ce da 1.6, in Micro Four Thirds ce da 2. Kenan 50mm a kan a6000 gani yake kamar 75mm a kan ful firem, a kan M50 kamar 80mm, a kan Olympus kamar 100mm.

Ni ban san wannan ba lokacin da na fara. Duk bidiyon da na kalla cewa ake 50mm shi ne lens ɗin kowa da kowa, ashe masu maganar ful firem ce a hannunsu. Na tara kuɗi wata da watanni, na shiga mota har birni na sayo 50mm f/1.8 na ɗaura a kan a6000 ɗita, mai shagon bai tambaye ni me zan ɗauka ba, ni ma ban san zan tambaya ba. Satin da ya zagayo aka yi sunan ɗan yayana. Da safe an cika zaure, an gama raɗa suna ana raba goro da dabino, dattawa jere a kan tabarma, sai Kawu ya ɗago ya ce kai zo ka ɗauke mu gaba ɗaya mu ma a sa mu a tarihi. Na ɗaga kyamara, mutum biyu da rabin kafaɗar na uku kawai nake gani. Na ja baya, na ƙara ja har bayana ya daki bango na ji ƙasar ginin tana zubo min a wuya, har yanzu mutum huɗu ne a ciki, alhali su goma sha ne. Kawu ya ce yaya dai, ta lalace ne? Na ce a'a Kawu, wurin ne ya yi mata kaɗan. Ƙarshe da waya aka ɗauki hoton, kuma biyu daga cikin dattawan nan yanzu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, wancan hoton na waya mai duhu shi kaɗai ne muke da shi nasu tare. Har yau abin yana min ciwo.

To mataki na uku, kuma shi ne wanda ba a son ji: kar ka sayi komai tukunna. Lens ɗin da ya zo da kyamarar, wanda ake cewa kit, 16-50mm na Sony ko Nikon, 15-45mm na M50, 18-45mm na R50, ka yi wata ɗaya ko biyu kana yawo da shi ko'ina, gona, kasuwa, makarantar allo da dare, bakin rafi, taron biki. Mutane suna raina shi don ya zo a kyauta, amma da rana a waje in ka sa shi a f/8 (bayanin lambar f yana gaba) hoto yake bayarwa wanda ba mai kushe shi. Bayan nan ka zauna ka ware hotuna kamar talatin waɗanda suka fi kwanta maka a rai, ka buɗe bayanan kowanne, a kyamara ko a waya, za ka ga an rubuta a milimita nawa ka ɗauka. Wani zai ga duk a 16 yake maƙale, wani a tsakanin 23 da 35, wani kullum a ƙarshen zum yake yana jin da ma ya ƙara. Sannan ka tuna waɗanda suka lalace, me ya ɓata su? Duhu ne ya sa suka yi rawa, ko abin ne ya yi nisa, ko wurin ne ya matse? Amsar nan ita ce za ta zaɓa maka lens. In kana da wanda kake zawarci a rai, misali 30mm, ka tsayar da zum ɗinka a 30 ka yi sati ba ka taɓa shi ba, in ka ji ka takura ka tsira da kuɗinka.

Mataki na huɗu, ka gane lambar f, wato girman ƙofar da haske yake shiga ta cikinta. A juye take, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Jerin yana tafiya 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, kuma duk tsalle ɗaya hasken raguwa yake da rabi. Kit ɗinka in ka ja shi ƙarshe yana komawa f/5.6 ko ma f/6.3. Lens mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki 10 na f/5.6, mai f/1.4 kuma ninki 16. Ka ga kuwa a wurinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, inda ɗaki taga ɗaya ce 'yar ƙarama, wuta in an kawo yau sai an manta, taron dare kuma da ƙwan sola ɗaya ko fitilar caji ake yinsa. Shi ya sa a ganina, ga mafi yawanmu, sayayyar farko bayan kit ita ce lens marar zum mai babbar ƙofa, wanda tsayinsa ya faɗa tsakanin 22mm da 35mm a kan APS-C.

Sunaye kuwa ga su. Mai Sony yana da Sigma 30mm f/1.4, wanda shi na koma na saya bayan abin da ya faru a zaure kuma shi ne a jikin kyamarata kusan kullum, ko Sony 35mm f/1.8 OSS. Mai M50 ya nemi EF-M 22mm f/2, ɗan falale ne kamar murfin kwalba, yana sa kyamarar ta shige aljihun 'yar shara, kuma faɗinsa ya fi dacewa da ɗakunanmu, in ka tambaye ni ma shi kaɗai ya isa dalilin riƙe M50. Mai Fujifilm akwai 35mm f/2, na XC ya fi araha, na XF jikinsa ƙarfe ne kuma an toshe shi daga ƙura da yayyafi, akwai kuma 23mm f/2. Mai Nikon Z50 ya duba 28mm f/2.8 ko 24mm f/1.7. In ful firem gare ka to a nan ne maganar 50mm f/1.8 ta zama gaskiya, ko 35mm in kana son fili. Kamfanonin Chana irin su Viltrox da TTArtisan da Meike suna da masu sauƙin kuɗi kuma wasu suna aiki sosai, sai dai ka tambaya da kyau, da yawa daga cikin masu arahar da hannu ake murɗa musu fokas, ba sa kamawa da kansu.

Ke kuma 'yar uwa, wannan maganar ta fi shafarki. Ke ce kike shiga inda mu ba ma shiga, ɗakin amarya ranar lalle, wurin kamu, ɗakin mai jego, kuma duk wurare ne matsattsu masu ƙarancin haske, ga mata cike. Kar ki bari a sayar miki da dogon zum don ya fi cika ido. Ki nemi 22mm ko 23mm, in ya yi yawa 30mm, ki zaunar da amarya kusa da ƙofa ta ba hasken gefen fuskarta, za ki ga zanen lalle a hannunta ya fito har ƙananan ɗigon, ba filasha ba komai.

Amma babbar ƙofa tana da nata sharrin, kuma duk wanda ya sayi f/1.4 sabo-sabo sai ya faɗa. Idan ka buɗe ta duka, wurin da yake fitowa garau siriri ne ƙwarai, bayan duk ya narke, abin sha'awa in mutum ɗaya ne. Sai ka je hoton ango da abokansa layi biyu ka bar ta a 1.4, a sikirin ɗin kyamara komai lafiya, sai ka dawo gida ka buɗe ka ga na gaba tar, na baya kamar a hazo. In mutane sun wuce biyu ka rufe zuwa f/4, in layi biyu ne f/5.6, ka ɗaga ISO, wato saitin da yake ƙara wa hoto haske amma yake kawo yashi-yashi, in haske bai kai ba, gara ɗan yashi-yashi a hoto da fuska marar ido. Sannan ranar bazara. a6000 gudun shotarta, wato saurin buɗewa da rufewarta lokacin ɗauka, a 1/4000 na daƙiƙa ya tsaya, kuma da tsakar rana f/1.4 ya fi ƙarfin hakan ko da ISO yana 100, sai ka ga farar shadda ta ƙone fat, aikin wuyan ya ɓace. Ka sauko f/2.8 ko f/4, ko ka ja mutumin inuwar darbejiya, wanda dama shi ya fi.

Shi 50mm ɗin nawa fa ban sayar ba, daga baya na gane aikinsa. Lens ne na mutum ɗaya, a waje, daga ƙirji zuwa sama. Saboda yana tilasta maka ka ja baya kamar taku huɗu biyar, fuska tana zama daidai yadda ido ya saba ganinta, ba kamar in ka matsa da 16mm ba inda hanci yake kumbura kunnuwa su gudu baya. Da shi na ɗauki wani dattijo mai saƙar faifai bayan la'asar, rana ta yi sanyi, har zaren kabar da ke tsakanin yatsunsa ana ƙirgawa, katangar bayansa kuma ta zama ja-ja mai laushi. In wannan ne abin da yake burge ka, 50mm f/1.8 ko Sigma 56mm f/1.4 su ne naka, mai ful firem kuma 85mm f/1.8. Amma shi na biyu ne a saye, ba na farko ba.

Sai dogon lens, wanda kowa yake mafarki saboda hawan sallah. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kazaure ko Gumel ko Haɗeja ko Dutse ko nan Ringim ranar hawa ya san ba ka isa ka matsa ba, dogarai da 'yan sanda da turmutsutsun jama'a sun tare, kuma doki in ya taho a sukwane ba ya tambayar waye mai kyamara. A nan zum mai nisa yake da rana. Masu sauƙin kuɗin su ne Sony 55-210mm, Nikon Z DX 50-250mm, Fujifilm XC 50-230mm, mai Canon mai bakin RF kuma RF-S 55-210mm, ko tsohon EF-S 55-250mm STM da adafta wanda ni a ganina ya fi kuɗinsa nesa ba kusa ba. Ƙofarsu ƙarama ce, f/5.6 zuwa sama a ƙarshen zum, amma hawa da rana ake yi don haka ba damuwa, ka sa gudun shota 1/1000 ko fiye, ka sa fokas mai bin abu, ka nemi wurin da rana take bayanka ko gefenka. Matsalar tana zuwa ne in hawan ya ja har yamma liƙis ƙura ta turnuƙe, a nan ka ɗaga ISO kawai. Wannan lens ɗin dai shi ne na kasuwar dabbobi, Maigatari ranar Alhamis ko Wudil ranar Juma'a, kana gefe kana kamo raƙuma da ƙahonnin shanu ba ka shiga ƙafar masu ciniki ba, duk da haka in fuskar mutum za ka ɗauka ka yi sallama ka nemi izini, nisan lens ba ya halatta maka abin da mai shi bai yarda ba. Abin da nake so ka tambayi kanka shi ne sau nawa a shekara za ka buƙace shi. In sallah biyu ce kawai, ka jinkirta shi, ko ku yi aro tsakaninku.

Masu son tsuntsaye lamarinsu daban ne. In kana zuwa fadamar Baturiya ta wajen Kiri Kasamma lokacin sanyi, sanda tsuntsayen da suke tasowa daga Turai suke sauka, 210mm zai bar maka tsuntsu kamar ƙwayar gero a tsakiyar hoto. Sai daga 300mm zuwa sama, irin Sony 70-350mm wanda a kan APS-C yake kai ganin 525mm kuma nauyinsa giram 625 ne, ana iya yini da shi a hannu. Kuɗi ne sosai, sai wanda abin ya shiga ransa da gaske.

Mai faɗi sosai, irin 10mm zuwa 12mm, ban ga dalilin gaggawarsa ba. 16mm na kit ya ishe ka shinkafar Kura da ruwan Tiga da duwatsun Birnin Kudu.

Akwai kuma wanda zai ce shi fa ba ya son canje-canje, guda ɗaya yake so ya ɗaura ya manta. Hujja ce mai ƙarfi a ƙasar ƙura irin tamu. Ya duba Sigma 18-50mm f/2.8, giram 290 kacal, ko Tamron 17-70mm f/2.8 wanda ya fi tsawo da nauyi amma yana da abin hana rawa, mai ful firem na Sony kuma Tamron 28-75mm f/2.8. Suna riƙe f/2.8 daga farkon zum har ƙarshe, ninki 4 na hasken kit kenan a ƙarshensa. Ba su kai f/1.4 a duhu ba, amma ga mai ɗaukar biki daga ɗaurin aure har kai amarya sun fi komai sauƙi. Wanda ban cika ba da shawararsa ba shi ne irin 18-200mm mai cewa zai yi komai, yana da daɗin yawo da rana, amma matsalar duhun da ta dame ka da kit tana nan yadda take.

Mataki na biyar, duba maganar rawar hannu, musamman in kana bidiyo. Wasu kyamarori suna da abin hana rawa a cikinsu, kamar a6500 da a7 III, amma a6000 da a6400 da R50 da Z50 ba su da shi, sai dai lens ya zo da nasa. Sony OSS take rubutawa, Canon IS, Nikon VR, Fujifilm OIS, Tamron VC. Sigma ɗin nan uku masu f/1.4, wato 16 da 30 da 56, duk ba su da shi, a hoto ba komai don hasken da suke sha yana ba ka gudun shota, amma a bidiyon hannu za ka ga karkarwa, to mai bidiyo a kan a6000 gara ya ɗauki 35mm OSS. Ka kuma sani abin hana rawa hannunka yake riƙewa, ba ya tsayar da yaron da yake gudu.

Na shida, adafta, kuma a nan kyamara marar madubi ta yi mana gata. Da yake an cire madubin, tazarar da ke tsakanin baki da sensa gajeriya ce, 18mm a Sony, 16mm a Nikon Z, 20mm a Canon RF, alhali tsofaffin masu madubi 44mm ne a Canon EF, 46.5mm a Nikon F. Adafta cike wannan giɓin kawai take, shi ya sa tsohon lens yake hawa sabuwar kyamara amma sabo ba ya hawa tsohuwa. Mai Canon ya fi kowa morewa, da adaftar EF duk lens-lens ɗin EF da EF-S suna aiki da fokas ɗinsu, kuma su ne suka fi yawa a kasuwar na hannu. Mai Nikon yana da adaftar FTZ, tana tafiya da lens-lens ɗin AF-S da AF-P, amma tsofaffin AF-D sai dai ka murɗa da hannu. Haɗa Canon a kan Sony kuwa da adafta mai araha, wani lokaci ya kama wani lokaci ya yi ta kai-kawo, ban yarda da shi a ranar biki ba. In kuma akwai tsohon mai hoto a garinku da ya ajiye Pentax ko Zenit ko Yashica ta zamanin fim a akwati, je ka gaishe shi ka ce Baba ko zan ga kayan aikin nan, irin su Helios 58mm f/2 na Rasha da adaftar M42 ta ƙarfe zalla suke hawa, sai dai ka shiga saiti ka kunna wanda yake barin kyamara ta ɗauka ko ba ta ji lens a jiki ba, da wanda yake sa gefen abin da ya kama fokas ya yi kala.

Na bakwai, ranar saye. Yawancinmu na hannu za mu saya kuma ba aibu, gilashi ba ya tsufa in an kula da shi. Amma ka tafi da kyamararka da batir cike da katin ajiya, kar ka yarda da gwaji a kan ta mai shago. Cire murfi gaba da baya, ka kunna tocilar waya ka haska ta gindi kana leƙawa ta gaba a ɗan karkace. 'Yar ƙura ɗigo-ɗigo a ciki ba komai, kowane lens yana da ita. Abin gudu shi ne funfuna, za ka gan ta kamar saƙar gizo-gizo ko saiwar ciyawa fara tana yaɗuwa daga gefe, da kuma hazo kamar an huro numfashi a gilashin ciki wanda ba ya gogewa. In ka ga ɗaya daga ciki ka ajiye, ko an ce maka gogewa kawai za a yi. Ƙarcewa a gilashin baya ta fi ta gaba illa. Ka duba 'yan ƙarafunan nan masu ruwan gwal a gindi ba su cinye ba, ka duba kan sukurori, in sun sha sukundireba an taɓa buɗe shi, ka shafa bakin gaba inda filta take ɗauruwa, in ya lotsa to ya taɓa faɗuwa. Murɗa zum daga farko har ƙarshe ka ji ko yana ƙas-ƙas kamar da yashi a ciki.

Sannan ka ɗaura ka gwada. Fokas kusa, fokas nesa, sau goma, ka saurari ƙara ka ga ko yana shakka. Nemi bango mai rubutu ko kalanda, ka tsaya saitinsa sosai, ka buɗe ƙofa duka ka ɗauka, ka zuƙo hoton ka duba kusurwa huɗu, in gefe ɗaya garau ɗaya kuma dishi-dishi gilashin ciki ya goce, ba naka ba ne. Ɗauki wani a f/11 ka ga ƙofar tana rufewa. Kar kunya ta hana ka, ka ce Alhaji a yi min haƙuri in duba da kyau daga nesa na zo, mai kaya na gari ba zai ji haushi ba, kuma ku yi magana a kan kwana nawa za ka iya dawowa da shi in ya nuna wani hali. Farashi kuwa dala yake bi, ka tambayi wuri uku kafin ka taya. Ka bar ɗan canji na hular lens da filtar kariya, girmanta yana rubuce kusa da wata alama kamar sifili da aka ja wa layi, 49 a Sony 35mm da 50mm da 55-210mm, 52 a Sigma 30mm.

Na ƙarshe shi ne riƙo, don ƙasarmu ba ta raga wa gilashi. Marar madubi da ka cire lens sensa a tsirara take, ba abin da ya kare ta. Na taɓa canza lens a tsakiyar kara da hunturu, iska tana kaɗawa, duk hotunan ranar da sama ta fito a ciki sai da suka zo da baƙaƙen ɗigo a wuri ɗaya. Yanzu tun daga gida nake yanke shawarar wanda zan ɗaura, in kuma dole ce sai in kashe kyamara, in shiga mota ko shago ko in juya wa iska baya in rufa da babbar riga, bakin kyamara yana kallon ƙasa, sabon lens ɗin a shirye a hannu, cikin daƙiƙa biyu an gama. In kana zargin ƙura ta shiga, ɗauki sama ko farin bango a f/16 za ta nuna kanta, sai ka hure da 'yar robar hura iska, ban da baki, ban da bakin riga. Gilashin gaba ma hurewa ake fara yi kafin a goge, don ƙurar hunturu yashi ce, in ka murza ta da ƙyalle kai da kanka ka ƙarce shi.

Da damina kuma abin juyawa yake, laima ce abokiyar gaba, musamman a ɗakin ƙasa ko wanda yake yoyo. Kar ka bar lens a jaka a ƙarƙashin gado wata guda, a nan funfuna take kama shi. Samu robar abinci mai murfi mai kamawa gam, ka zuba 'yan ƙullin nan na silika da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, ka sa lens-lens ɗinka a ciki ka ɗora a sama inda iska take. In ƙullin sun sha laima ka shanya su a rana mai zafi ka mayar, kuma duk sati ka fito da kowanne ka ɗaura ka ɗauki ko hoton akuya ne a tsakar gida, haske da iska su ratsa shi, sannan ka mayar ka rufe.